Tambarin AMG ba ya ƙara wa C300 gudu

'Yan uwa ɗalibai, yau kam sai na faɗa. Wurin ajiye motocinmu ya cika da C300 masu tambarin AMG, ga Lexus 'yar 2010 an sauya mata bamba da fitilu tana yawo Abuja da fuskar 2020. Wasu na cewa ai gayu ne, ina ruwan wani? To, motarka ce. Amma ranar da aka sayar wa wani ita da sunan da ba nata ba, gayu ya ƙare, ha'inci ya fara. Wata rana mai sayen irinmu ne 'yan digiri na biyu, wanda ya shekara uku yana zubin adashi.

Ko a Amurka an yi wannan rigimar. A 2000 Carroll Shelby, wanda ya fito da motar Cobra a 1962, ya maka kamfanin Factory Five a kotu kan kwaikwayonta. Da aka yi sulhu a 2002, kamfanin ya ci gaba da ƙera siffar, amma ya daina kiranta Cobra. Wato yi kwalliyarka, kar ka ari suna.

Kafin ka biya, duba lambar shasi. A motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na 10 shi ne shekara: A na nufin 2010, L kuma 2020. Ka kai ta Apo wurin bakanikenka, ba na dillali ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.