Addu'a Ba Ta Hana Zuwa Asibiti

'Yar'uwa, kina wanka kika ji wani ƙullutu a nononki. Ba ya ciwo, sai kika ce zai baje da kansa. Yau wata uku ke nan kina shafa man zaitun kina addu'a, ko mahaifiyarki ba ta sani ba.

Na san abin da ke riƙe ki: kunyar buɗe jiki a gaban likita, tsoron a ce sankara ce, ga kuma zancen kuɗi. Wasu ma cewa suke zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Ni ban yarda ba. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji, an ji addu'arsa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun.

Yawancin irin wannan ƙullutu ba sankara ba ne, musamman ga 'yan mata, amma gwaji ne kaɗai zai tabbatar. Sankarar mama takan soma ba tare da zafi ba, kuma in an gano ta da wuri, ana warkewa. Jinkiri ne ke cinye rai da dukiya.

In kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta zama kamar ɓawon lemu, ko hammata ta kumbura, ki je asibiti cikin makon nan. Ki nemi wata uwa daga zumuntar mata ta raka ki. Mu kuma za mu riƙe ki cikin addu'a.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya. Amin.