Furen Da Zai Jure Wa Bazara Shi Za Mu Dasa



Bara mun yi karo-karo aka sayo furanni masu kyau daga birni, aka jera su a gaban ofishin shugaban makaranta. 'Yan aji ɗaya suka sha ɗaukar bokiti safe da yamma. Da muka tafi hutu a watan Afrilu, muka dawo muka tarar da busassun ƙirare. Bana ma ana maganar sake sayowa, shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya mu yi tunani.

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ruwan sama na kirki bai wuce na wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Sai hunturu da ƙurarsa, sai bazara da zafin da kan haura digiri 40. Ga awaki kuma ba sa neman izini. Furen da ba zai jure wa waɗannan ba, asarar kuɗi ne da wahalar ƙannenmu.

Ni a ganina mu koma wa tsofaffin shuke-shuken da kakanninmu suka sani. Ga lalle: yana yin shinge, furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma ba sai an yi wa mata bayani ba. Ga zogale: a dasa reshe ya kama, ya ba mu farin fure da ganyen kwaɗo. Ga kariya, mai jan fure, wadda ke ajiye ruwa a kututturenta har ta yi fure da rani. Sai dai ruwan jikinta guba ne, don haka a nesanta ta da inda yara ke wasa.

Wani zai ce wannan ai ƙauyanci ne, makaranta ta cancanci furen zamani. To, ko a Amurka masu son furen airis suna da ƙungiyar adana tsofaffin irinsa, waɗanda suka kai shekara 30 ko fiye. Da yawansu na yabon tsohon iri saboda juriyarsa, ko da sabon ya fi shi girman fure. Su sun riƙe nasu, mu me zai sa mu raina namu?

Shawarata ga malamin aikin gona ita ce kowane aji ya kawo reshe ko iri daga gida, a dasa da zarar damina ta kankama, a rubuta sunan shukar da na ajin a jikin allo. Kuɗin da za a kashe wajen sayen furanni a sayi waya a kewaye lambun.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Daga wata ɗalibar aji biyar, Ƙungiyar 'Yan Jarida