SHARHI: Dashen ɗan tayi a Najeriya: Abin da ke jiran ma'aurata a asibiti, da dokar da har yanzu babu ita

A watan Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. A Najeriya, inda binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa mace kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaici, adadin kuma ya haura shida a Arewa maso Yamma, irin wannan labari ba ya shiga kunnen mahukunta. Hankalin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji ya tafi ga tazarar haihuwa. Wanda bai samu haihuwar ba kuwa, an bar shi ya ji da kansa.

Sai dai kasuwa ba ta manta da shi ba. Asibitocin da ke haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaje-gwaje, sannan su dasa ɗan tayin a mahaifa, aikin da aka fi sani da IVF, sun yawaita a Legas da Abuja da sauran manyan birane. Ma'aurata na sayar da fili da gwal da mota domin su gwada sa'arsu. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, babu wata dokar tarayya da aka keɓe domin sa ido a kan wannan aiki. Saboda haka garkuwar da ta rage wa mai neman magani ita ce sanin abin da zai tarar, da tambayoyin da zai yi kafin ya zare ko sisi.

Ba sabon abu ba ne

An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, bayan aikin shekaru da Robert Edwards da Patrick Steptoe suka yi. Edwards ya samu lambar yabo ta Nobel a 2010. A Najeriya, Farfesa Osato Giwa-Osagie da Farfesa Oladapo Ashiru ne suka fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, sannan a 1998 aka samu haihuwa ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Ke nan ƙasar ta shafe shekaru kusan arba'in da wannan fasaha a hannunta.

Yadda aikin yake tafiya

Matakin farko gwaje-gwaje ne, kuma na mutum biyu ne. Ana ɗibar jinin matar domin auna sinadaran da ke nuna yawan ƙwan da ya rage mata, a yi mata hoton mahaifa da gidan ƙwai. Mijin kuma ya bayar da maniyyi a duba yawan ƙwayoyinsa da motsinsu da siffarsu. Dukansu ana gwada su domin gano cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta. A nan ne maza da yawa ke noƙewa, alhali masana sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, matsalar namiji tana ciki, ko ita kaɗai ko tare da ta matar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mata nawa aka yi wa gorin juya, aka yi musu kishiya ko aka sallame su, ba tare da an taɓa duba mijin ba?

Wannan bincike kan nuna cewa wasu ma ba sa buƙatar dashen. Akwai waɗanda maganin daidaita fitar ƙwai ya ishe su, akwai waɗanda ƙaramar tiyata ce za ta warware musu. Inda dashen ya fi zama mafita shi ne idan bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa ya toshe, abin da ya yawaita a Afirka sakamakon cututtukan al'aura da ba a magance ba, da cutar da kan biyo bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsafta. Ko kuma idan ƙwayoyin maniyyi sun yi ƙaranci ƙwarai.

Daga nan sai allurai. A al'ada mace na sakin ƙwai ɗaya ne a wata. Allurar da za a yi mata kowace rana, tsawon kwana takwas zuwa sha huɗu, ita ke sa ƙwayaye da dama su nuna a lokaci guda. A cikin waɗannan kwanaki za ta riƙa komawa asibiti a kai a kai ana ɗaukar hoto ana gyara ma'aunin maganin. Wadda ta taso daga Gusau ko Damaturu ta sani cewa za ta tare a garin da asibitin yake na tsawon makonni, kuma masauki da abinci da sufuri duk a aljihunta suke.

Idan ƙwayayen sun kai girman da ake so, sai a yi allura ta ƙarshe, wadda lokacinta ba ya ɗaukar wasa: bayan kimanin awa 36 za a ciro su da siririyar allura ta farji, bayan an ba matar maganin barci. A ranar ce mijin zai bayar da maniyyi. Idan ƙwayoyinsa ba su da ƙarfi, akan ɗauki guda ɗaya a cusa shi kai tsaye cikin ƙwan, dabarar da aka fara samun nasararta a Beljiyam a 1992, kuma yawanci kuɗinta daban ne.

Ana renon 'yan tayin a ɗakin gwaje-gwaje kwana uku zuwa biyar. Nan ne zuciya ke fara karaya, domin adadi raguwa yake yi a kowane mataki. Ba duk ƙwan da aka ciro ne ya nuna ba, ba duk wanda ya nuna ne zai haɗu da maniyyi ba, ba kuma duk wanda ya haɗu ne zai ci gaba da girma ba. Ana iya fara wa da goma a ƙare da biyu ko uku, wani lokaci ma a tashi babu ko ɗaya. Dashen kansa 'yan mintuna ne, kuma galibi ba ya buƙatar barci. Sai jiran kimanin mako biyu, ana shan ko cusa maganin da ke riƙe mahaifa, kafin gwajin jini ya faɗi gaskiya.

Lissafin da talla ba ta faɗa

Shekarun matar su ne babban ma'auni. Alƙaluman hukumar da ke kula da wannan fanni a Birtaniya sun nuna cewa ga matan da ba su kai shekara 35 ba, kusan ɗaya cikin uku na 'yan tayin da aka dasa ne ke kaiwa ga haihuwa. Tsakanin 40 da 42, abin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin goma, daga 43 kuma ya ƙara faɗuwa sosai idan da ƙwan matar aka yi. Ma'ana, ko a ƙasar da ke da wuta da kayan aiki da sa ido, zagaye guda ya fi yawan ƙarewa ba tare da jariri ba.

Don haka idan asibiti ya ce nasararsa ta kai kashi 60 ko 70 cikin ɗari, a tambaye shi: nasarar me? Gwajin ciki da ya nuna alama, ko jaririn da aka rungume aka tafi da shi gida? Cikin duk waɗanda suka fara allura aka ƙirga, ko cikin waɗanda suka kai matakin dashe kawai? An cakuɗa da waɗanda aka yi wa da ƙwan 'yan mata masu bayarwa? Kowace amsa tana sauya lissafin.

Akwai kuma haɗura. Gidan ƙwai kan kumbura fiye da kima saboda allurai, ciki ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya. Idan ya tsananta sai an kwantar da mace. Ciki na iya zama a wajen mahaifa. Haɗarin da aka fi rainawa kuwa shi ne na tagwaye da 'yan uku. Wanda ya sayar da gonarsa don zagaye guda zai so a dasa masa uku ko huɗu, asibitin da ke neman suna ma ba zai ƙi ba. Amma irin wannan ciki ya fi zuwa da hawan jini da haihuwar bakwaini, a ƙasar da kwalabar renon jarirai ta yi ƙaranci.

Kuɗi da hukunci

Zagaye ɗaya a asibitin kuɗi miliyoyin naira ne, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, wato 840,000 a shekara. Magunguna da kayan ɗakin gwaji daga waje ake shigo da su, saboda haka faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta faɗa kai tsaye a kan masu jinya. Inshorar lafiya ta tarayya ta daɗe da ware wannan aiki daga cikin abubuwan da take biya. 'Yan asibitocin gwamnati da ke yin sa, irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ba su isa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba.

Ta fuskar addini, hukuncin ya daɗe da fitowa. A taronta na birnin Amman a 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta aikin idan da buƙata, matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma a mahaifarta za a dasa. Ta haramta karɓar ƙwai ko maniyyin wani, da aron mahaifa, saboda kare nasaba. Cocin Katolika kuwa ta ƙi amincewa da hanyar gaba ɗaya a wata takarda ta 1987, yayin da wasu ɗarikun Kirista da dama suka yarda da ita tsakanin ma'aurata. Amma halaccin da aka gina kan kare nasaba yana buƙatar wanda zai tabbatar ba a yi musaya a ɗakin gwaji ba. Wane ne ke wannan aiki?

Gurbin da majalisa ta bari

Birtaniya ta yi dokarta a 1990, ta kafa hukuma a 1991 mai bayar da lasisi, mai ziyarar bincike, mai wallafa sakamakon kowane asibiti domin kowa ya gani. Beljiyam ta bi wata hanya a 2003: gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin ɗakin gwaji har zagaye shida, bisa sharaɗin taƙaita yawan 'yan tayin da ake dasawa, kuma haihuwar tagwaye ta wannan hanya ta ragu ƙwarai.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kwafin halittar ɗan Adam da shigo da 'yan tayi ko fitar da su, amma ba ta tsara yadda asibitin dashe zai gudana ba. An kai ƙudiri kan batun gaban Majalisar Tarayya tun 2016, bai zama doka ba. Jihar Legas ta fitar da nata ƙa'idoji a 2019, ƙungiyar likitocin fannin ma tana da nata, sai dai ƙa'idar ƙungiya ba ta ɗaure wanda ba ɗanta ba. Babu rajistar ƙasa da ta wajabta wa kowane asibiti bayyana sakamakonsa. Babu dokar da ta fayyace makomar 'yan tayin da aka daskarar idan aure ya mutu ko miji ya rasu, ko ta kare ɗalibai mata da talauci ke turawa sayar da ƙwansu. A irin wannan duhu ne 'yan damfara ke cin kasuwa: a 2024 binciken BBC ya bankaɗo wani wuri a Jihar Anambra inda ake yaudarar mata cewa suna ɗauke da cikin da na'ura ba ta gani, a ƙarshe a miƙa musu jariran da aka sayo.

Kafin doka ta zo, matambayi ba ya ɓata. A nemi jimillar kuɗi a rubuce, har da magani da daskararwa da kuɗin ajiya na shekara. A tambayi adadin haihuwa ga mata masu shekarun matar. A tambayi 'yan tayi nawa za a dasa da dalili, da yadda ake lakaba suna a kan kowane samfur, da tanadin da aka yi idan wuta ta ɗauke. A karanta takardar amincewa kafin sa hannu. Duk wanda ya yi alƙawarin ciki tabbas, a kama gabansa.

Sauran aikin na siyasa ne. Hukuma mai bayar da lasisi, rajistar sakamako da kowa zai iya dubawa, iyaka ga yawan 'yan tayin da ake dasawa, da sanya gwajin rashin haihuwa na miji da mata cikin inshora, duk abubuwa ne da ba su fi ƙarfin majalisar tarayya ko ta jiha ba. Waɗanda abin ya shafa kunya ta rufe musu baki, shi ya sa ba a jin batun a dandalin yaƙin neman zaɓe. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi da ƙudirori suna da damar tambayar wakilansu inda ƙudirin ya maƙale, da wanda ya riƙe shi.