Yoyon fitsarin maza: Ciwon da ba a yi masa asibiti ba

Idan aka ce yoyon fitsari a Arewa, hankalin kowa kan tafi ga mata, kuma da dalili. Tun a shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinke mata a Babbar Ruga ta Katsina, ga cibiyar Laure a Kano, ga ta Gesse a Birnin Kebbi. Matar da naƙuda ta yi wa lahani a Illo ko Lolo, a yau akwai ƙofar da za a nuna mata. Tambayata ita ce, wai shin ina ƙofar da za a nuna wa mijinta ko mahaifinta idan shi ma fitsari ya ƙi tsaya masa?

Ya kamata mai karatu ya san cewa zubar fitsari ga namiji iri-iri ce. Akwai wanda hanyar fitsarinsa ta toshe, mafitsara ta cika har ta tumbatsa. Wannan buɗe hanya yake bukata. Akwai mai tsargiya, wadda ba baƙuwa ba ce a garuruwan bakin Kogin Kwara. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda fitsari ke kufce masa idan ya yi tari ko atishawa, ko ya ɗaga buhun shinkafa, ko ya miƙe daga sujada. Dalilin shi ne tsokar da ke tsuke bakin mafitsara ta yi rauni. Ga maza, hakan ya fi faruwa bayan tiyatar furostet, wato 'yar tsokar nan mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, musamman idan an cire ta gaba ɗaya saboda sankara. Karayar ƙugu a haɗarin babur ma kan jawo shi.

Wani dattijo a danginmu, manomi a yankin Ka'oje, ya yi irin wannan tiyata a wani asibiti. Aiki ya yi kyau, an cire roba, an sallame shi. Ba wanda ya ce masa ya dawo idan ya ga jiƙewa. Mutumin da ba ya rasa sahun farko ya koma salla a zaure, ya daina zuwa kasuwa, ya daina zaman ɗaurin aure. Iyalinsa sun ɗauka tsufa ne. Sai da wani ɗansa ya lura da yawan wankin wando sannan magana ta fito, bayan kusan shekara biyu. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yi wa mai salisul bauli sauƙi a alwala, amma hukuncin fiƙihu ba ya kawar da wari, kuma warin ne ke korar mutum daga cikin jama'a.

Abin takaicin shi ne ciwon yana da magani. Da yawa kan warke da kansu cikin wata 6 zuwa 12 bayan tiyata, musamman idan an koya musu motsa tsokar ƙasan mara, dabarar da Dokta Arnold Kegel ya bayyana tun 1948, wadda ba ta cin ko kwabo. Idan shekara ta zagayo ba sauƙi, sai a koma ga wuƙa. Mai ƙaramin yoyo ana iya sanya masa wani ɗan zare mai faɗi da zai tallabe hanyar fitsari. Mai yoyo sosai kuwa, ana dasa masa na'urar da Dokta Brantley Scott ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970, wadda samfurinta AMS 800 ya fito a 1983: zobe mai ruwa a ciki yana shaƙe hanyar, ɗan famfo a jakar maraina, idan mutum zai yi fitsari ya matsa, zoben ya saki, bayan 'yan mintoci ya sake rufewa da kansa.

To, amma fa kada mu yaudari kanmu. Na'urar daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta, tana iya lalacewa ko ta kamu da ƙwayoyin cuta a sake buɗe mutum, kuma sai mai lafiyar yatsu da hankali zai iya sarrafa ta. Ba na cewa a kai wannan aiki Babban Asibitin Bagudo. Hasali ma, yin sa a inda ba a saba ba ya fi barinsa haɗari. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar cututtukan mafitsara da ƙoda. Can ya dace a tattara gwaninta, Birnin Kebbi ta riƙa tantancewa tana turawa.

Abin da ya rage wa Bagudo shi ne tambaya. Mutumin bakin iyaka yakan yi tiyata inda ya samu sauƙi, wani a Najeriya, wani ya ƙetara ta Tsamiya zuwa Segbana ya wuce Kandi ko Parakou a Jamhuriyar Benin, ya dawo da takarda cikin Faransanci wadda ma'aikacin shan-magani ba zai iya karantawa ba. Masu kawo tiyata kyauta su ma, Allah ya saka musu, kwana kaɗan suke yi su naɗe kaya. A duk waɗannan hanyoyi ba mai bibiyar dattijon bayan wata shida, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa ma'aikaciyar jinya sa'ar jikarsa ba.

Don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da ta wajabta wa duk wanda ya taɓa furostet ɗin mutum ya ba shi ranar dawowa a rubuce, a wata na 3 da na 12, a kuma horar da ma'aikaci namiji ko da ɗaya ne a asibitocin Bagudo da Ka'oje da Illo, wanda zai keɓe da maras lafiya ya tambaye shi kai tsaye ko yana jiƙewa, ya koya masa motsa tsoka, ya rubuta masa takardar zuwa gaba idan ta kama. Hukumar KECHEMA kuma ta fito ta faɗa wa masu biyan kuɗin inshora ko tsarinta ya ɗauki kuɗin gwaji da na tura maras lafiya irin wannan zuwa Sakkwato.