Zuwa ga makanikai da masu juyen baƙin mai na Magama da Jibiya

 

Kafin hadari ya fara haɗuwa, ina roƙon kowannenku ya dubi ƙasar da yake tsugunawa a kai. Inda ake kwance ƙusar inji, ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ta dunƙule, ko ciyawa ba ta fitowa. Can gefe ga tsofaffin filta, ga tsumman da ya jiƙe da giris, ga batir a kife ruwansa ya tsiyaye. Duk rani suna nan, sai mutum ya ɗauka ƙasa ta shanye. Ruwan farko ne ke tona asiri: ya ɗauke su, ya bi kwata da su yana ƙyalli kala-kala, ya zube a gulbi.

Gulbin nan kuwa ba a Jibiya ya tsaya ba. Daga madatsar ruwan Jibiya yake gangarawa ya shiga Nijar, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi, sannan ya komo Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40 (Allah Ya jiƙansu da rahama), ta nuna mana haka ta hanya mafi ɗaci, domin har cikin Nijar aka tsinci wasu gawawwakin. Hanyar nan ita baƙin mai ke bi, ya kwanta a yashin da makiyayi zai tona da rani ya shayar da dabbobinsa, da fadamar da ake noman tumatir da albasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya tak na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Ku lissafa manyan motoci nawa ake wa juye a Magama a mako guda.

Gyaran bai fi ƙarfinku ba. A yanka jarka a tara man, a juye shi a duro mai murfi, a ɗora duron kan bulo a ƙarƙashin rumfa yadda ruwa ba zai shiga ya cika shi ya malalo ba. Masu saye suna nan, ba za a yi asara ba. Abin da ya zube a watsa masa yashi ko dusar katako a kwashe, kada a kora da ruwa. Filta a kife ta ta kwana tana tsiyaya kafin a yar. Masu wankin mota, ku haƙa rami ku zuba tsakuwa da yashi, ruwan omo ya tsaya nan maimakon ya nufi kwata.

Abin da ya fi damuna shi ne zuba baƙin mai a kududdufi wai don maganin sauro. Don Allah a daina. Kududdufin zai cika ya haɗe da gulbi, yara kuma a ciki suke wasa. A yashe kwatar, ruwan ya wuce, sauro ya rasa wurin ƙyanƙyasa.

Iyayen gida, yaro abin da ya ga ogansa na yi shi zai yi idan ya buɗe nasa garejin. Ku haɗu da shugabannin ƙungiyarku tun kafin watan Yuni, ku sa duro ɗaya a kowane gareji, ku kuma naɗa wanda zai riƙa zagayawa yana dubawa.