Filtar waya da idon jariri

Yau da maganar hoto za mu fara, amma ki biyo ni a hankali, a asibiti za mu sauka.

Kafin zuwan waya, masu ɗaukar hoton baƙi da fari suna da wasu 'yan gilasai masu launi da suke ɗaurawa a bakin kyamara: ja, kore, shuɗi da ruwan ɗorawa. Za ki ce me launi zai yi a hoton da ba shi da launi? Gilashin yana barin hasken launinsa ya wuce, ya tare sauran. Duk abin da launinsa ya yi kama da na gilashin sai ya fito da haske, wanda ya saɓa masa ya yi duhu. Da za ki tsaya bakin gonar rake a Dandamisa ki sa kore, ganyen zai fito fari-fari. Ki sauya ja, gonar ta yi duhu, sama ta yi duhu, gajimare ya fito tas. Da jan gilashi wani Ba'amurke mai suna Ansel Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na dutsen Half Dome a 1927, sama ta koma kamar dare alhali da rana ne.

Gilasan nan yanzu suna cikin wayarki, su ne muke kira filta. In kina da manhajar Snapseed, ɗauki tafin hannun da ya sha jan lalle, ki mayar da hoton baƙi da fari, ki zaɓi ja: lallen zai dusashe kamar ya yi wata guda. Ki zaɓi kore, zanen ya fito raɗau. Masu kai amarya, ga sirri nan kyauta.

Mu ma a asibiti muna da irin wannan dabara. Fitilar da likita ke leƙa cikin ido da ita tana da koren haske, wanda ke sa jajayen jijiyoyin jini su fito baƙi, a gan su da kyau.

To ga inda nake so mu tsaya. Kusan kullum sai wata uwa ta turo min hoton ɗanta ta WhatsApp: "Anti nas, duba min ƙurajen nan", ko "idonsa lafiya kuwa?" Da yawa daga hotunan sun bi ta filtar kwalliya, wadda aikinta shi ne ta goge ja, ta share tabo, ta haska fata. Abin da ta goge shi ne ainihin abin da nake nema. Dama jan ƙurajen ƙyanda wuyar gani gare shi a fatarmu, balle an bi shi da filta.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce shawarar jarirai. Alamarta launi ce, ruwan ɗorawa a farin ido da dasashi da fata. A hoton baƙi da fari babu ita sam, a hoton da aka haska kuwa sai ki ga jariri fes, har dangi suna ta barka da farin yaro. Shawarar da ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasar da ba ta warkewa. Maganinta kuma, ikon Allah, shi ma launi ne: shuɗin haske da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinsa a asibiti.

Saboda haka in za ki tura wa ma'aikaciyar lafiya hoto, kashe duk wata filta, kashe filasha, ki fito da yaron inda hasken rana yake, bakin ƙofa ko inuwar tsakar gida. Kwan lantarki da tocila suna sauya launi. Ki danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa ki ɗaga, ki ga launin da ya fito a wurin.

Akwai lokacin da ba a tsayawa ɗaukar hoto ma. In shawara ta bayyana cikin awa 24 da haihuwa, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ta wuce kwana 14, ko jariri ya ƙi kama nono yana ta barci, ki goya shi zuwa asibiti mafi kusa a ranar. In sun tura ki Makarfi ko Shika, kada ki ce sai an yi suna.