Arhar Kwal: Wa Ke Biyan Kuɗinta?

Sharhinmu na yau ya shafi makamashi, musamman kiran da wasu ke yi na Najeriya ta koma ga kwal, wato gawayin nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, domin magance ƙarancin wutar lantarki da tsadar makamashin girki.

Wannan muhawara ba ta manyan Abuja kaɗai ba ce, ta shafi kowane gida a Gauraka da Suleja da kewaye a Jihar Neja. Duk wanda ya bi babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, daga Dutsen Zuma zuwa Gauraka har Sabon Wuse da Tafa, zai ga buhunan gawayin itace jibge a bakin titi suna jiran masu saye. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da hauhawar farashin da ta biyo baya, gidaje da dama sun ajiye tukunyar gas sun ɗauko kurfoti. Mai shayi da mai tsire da mai guga da uwargida duk gawayi suke nema, yayin da mai walda da tela da mai injin niƙa ke zaman jiran wuta. A irin wannan hali, idan aka ce ga kwal kwance a ƙasarmu, wanda alƙaluman gwamnati ke cewa ya haura tan biliyan 2, kuma yana da arha, dole maganar ta shiga kunne. Matsayin wannan sharhi shi ne, kwal ba shi da arha. Abin da ke faruwa shi ne, ana raba kuɗinsa gida biyu: mai saye ya biya kaɗan a yau, sauran kuma a bar wa mutanen ƙauyen da ake haƙar, da huhun masu shaƙar hayaƙin, da 'ya'yan da za su gaji ƙasar.

Ba baƙon abu ba ne kwal a ƙasar nan, kuma tarihinsa shaida ne. An gano shi a yankin Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal domin fitar da shi, birnin Inugu ma kansa albarkacin kwal ya kafu. Da shi jiragen ƙasa suka yi ta jigilar gyaɗa da auduga daga Arewa, da shi kuma tashar lantarki ta Oji River ta yi aiki daga 1956. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai kusan tan dubu 900 a shekara. Amma tun a wancan lokaci an ga wanda ke ɗaukar nauyin. A ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar Iva Valley ta Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu. Daga baya jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, Yaƙin Basasa ya zo, harkar ta durƙushe. Ramukan da aka bari kuwa ba su daina aiki ba: ruwa mai tsami da ke fitowa daga tsofaffin mahaƙu irin na Onyeama ya ci gaba da gangarawa cikin kogin Ekulu shekaru bayan an daina cin ribar. A yau ma, mazauna Maiganga a Jihar Gombe da Okobo a Jihar Kogi, inda ake haƙar kwal, sun sha kokawa kan ƙura da lalacewar ruwan sha da rasa gonaki.

Dalilin hakan yana cikin halittar kwal ɗin. Yana ɗauke da farar wuta, wadda idan ta haɗu da ruwa da iska a bakin rami take mayar da ruwan mai tsami, ya narkar da ƙarafa masu guba ya kai su rafi da rijiya. Idan aka ƙona shi kuma, yana fitar da hayaƙi mai ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu, da zaiba da ke taruwa a jikin kifi, da tulin toka da sai an nemi inda za a binne. Wajen samar da lantarki, iskar kabon da yake fitarwa ta kusan ninka ta iskar gas sau biyu. Birnin Landan ya ɗanɗana kuɗarsa a Disamban 1952, lokacin da hazon hayaƙin kwal ya lulluɓe garin na kwanaki, mutane aƙalla dubu 4 suka rasu, lamarin da ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. A Afirka ta Kudu, wadda mafi yawan lantarkinta daga kwal ne, wata babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci a Maris na 2022 cewa gurɓatacciyar iskar yankin da tashoshin suke ta tauye wa mazauna haƙƙin da tsarin mulki ya ba su. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Masu goyon bayan kwal suna da hujja mai nauyi, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa Ingila da Jamus da Amurka da kwal suka gina masana'antunsu, Sin da Indiya har gobe da shi suke tafiya, kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga gare shi yake, alhali duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa na iskar da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Don me za a hana mu abin da wasu suka ci suka ƙoshi? Gaskiya ne ba mu muka jawo sauyin yanayi ba, kuma babu ƙasar da ke da bakin yi mana wa'azi. Sai dai hayaƙin tashar kwal ba Turai yake fara zuwa ba, maƙwabtan tashar ne ke fara shaƙarsa. Sannan kasuwar ta juya. Ingila ta rufe tasharta ta ƙarshe mai amfani da kwal a ƙarshen Satumban 2024. Sin, wadda ta fi kowa ba da bashin gina irin waɗannan tashoshi, ta sanar a Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumban 2021 cewa ta daina gina sababbi a ƙasashen waje. Tashar da aka yi ta shelar ginawa a Itobe ta Jihar Kogi har yau ba ta haska ko gida ɗaya ba. Najeriya da kanta ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa. Tashar kwal kuwa akan gina ta ne don ta yi aikin shekara 40, ke nan bashin da za a ci a yau jikoki ne za su ƙarasa biya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga mutanen Neja shi ne, duhun da muke ciki ba na rashin abin ƙonawa ba ne. Jihar nan ce ke da madatsar Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro mai megawat 600, da sabuwar Zungeru mai megawat 700. Ƙasar tana da injinan da za su iya samar da kusan megawat dubu 13, amma abin da ke isa ga jama'a bai cika wuce dubu 4 zuwa 5 ba, saboda tsofaffin layuka, da bashin da ya dabaibaye harkar, da ƙarancin gas a tashoshin da aka riga aka gina. A Oktoban 2024, da aka lalata layin da ke ɗaukar wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, mafi yawan jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, alhali ruwa na nan a madatsa. Da a ce akwai tashar kwal a lokacin, wutarta ma da hanyar da za ta bi ta yanke. Kuɗin da za a zuba a sabuwar tasha, in aka sa shi a gyaran layuka da taransifoma da mita da tsaron turaku, mai walda a Gauraka zai fi saurin gani a ƙasa.

Hujja ta biyu ta masu goyon bayan kwal ta fi kusa da zuciya, domin ta shafi dazukanmu. Masu ita na cewa a sarrafa kwal a kai shi murhu, a ceci itatuwa. Damuwarsu gaskiya ce. A hanyar gargajiya ta rufe itace da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma itatuwan da aka fi so su ne masu ƙarfi irin kirya da marke, har da kaɗanya, wadda matan karkarar Neja ke dogaro da ita wajen samun man kaɗe. A Jamhuriyar Nijar, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar kwal a Anou Araren ta yankin Agadas, an daɗe ana sarrafa shi don girki da nufin rage sare itatuwa, amma har yanzu itace ne makamashin mafi yawan gidaje a can. Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, cibiyarta mai binciken cutar daji kuma ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba sun yi ta kamuwa da dajin huhu saboda girki da kwal. A gidajen haya na Gauraka da Suleja, inda ake girki a ƙofar ɗaki da goyo a baya, musanya gawayi da kwal gudun gara ne a faɗa wa zago.

To, ina mafita? Najeriya na da iskar gas da ta haura ƙafa tiriliyan 200, wani kason ma har yanzu ƙona shi ake yi a banza a yankin Neja Delta. Kammala bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, zai kawo gas ga masana'antu da tashoshin lantarki na Arewa. Gas ɗin girki kuwa yana buƙatar tsari na kansa: ƙananan tukwane da talaka zai iya biya kaɗan kaɗan, da wuraren cikawa masu lasisi a unguwanni. Farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekara goma, kuma tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a 2023 ta nuna abin mai yiwuwa ne a nan gida. Masu sana'ar gawayi kuma bai kamata a mayar da su masu laifi ba alhali ba a ba su madadi ba. A yi musu rajista, a ware filayen dasa itatuwa masu saurin girma, a koya musu hanyar ƙonawa mai rage asara, a haramta taɓa kaɗanya da ɗorawa, masu unguwanni da hakimai su sa ido. Inda masana'antun siminti suka riga suka dogara da kwal, doka ta tilasta a ajiye kuɗin cike rami da tsabtace ruwa tun kafin a fara haƙa.

Saboda haka, duk wanda ya zo mana da batun kwal, ko ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa, mu nemi ya kawo lissafin a cike: kuɗin asibiti, da kuɗin rijiyar da za ta lalace, da diyyar gona, da wanda zai cike ramin bayan an tashi. Idan aka haɗa waɗannan, za a tarar ruwan madatsunmu da hasken rana da iskar gas sun fi shi sauƙi. Aikin da ke gaban gwamnatin Neja da ta tarayya shi ne su isar da waɗannan ukun zuwa gidajen talakawa, aikinmu kuma shi ne mu ci gaba da tambayarsu ina aka kwana.